Kayan Aro Bayan Rabuwa: Riƙe Su Sata Ne?

Akwai wata irin ƙara da ke zuwa gaban dattawan ikkilisiya a Paraku da Jugu, biranen arewacin Jamhuriyar Benin waɗanda ake rubutawa Parakou da Djougou a takardun gwamnati, ko da yake ba safai ake wa'azi a kanta ba. Saurayi da budurwa sun yi shekara biyu ko uku ana maganar aurensu. A cikin wannan lokaci kaya suna ta kai da kawowa tsakanin gidajen biyu. Ya kai mata keken ɗinkin uwarsa domin ta ƙarasa koyon sana'a. Ita kuma ta ba shi wayarta sa'ad da tasa ta lalace. Yayanta ya bar masa babur yana ɗaukar fasinja, aikin da ake kira zem a ƙasar. Sai magana ta ɓaci, aka fasa auren. Ƙauna ta tafi, amma keken ɗinki yana nan a ɗakinta, babur kuma yana ƙofar gidansa.

Bayan 'yan makonni uwar saurayi ta aika a karɓo mata kekenta. Aka ce wa ɗan aike ya koma, ba za a bayar ba, gama ɗanta ya ɓata wa yarinya shekara uku. Daga nan sai kalma mai nauyi ta fito daga bakin wani: ɓarauniya. Kalmar ta shiga unguwa, ta shiga zumuntar mata, har ta kai ranar Lahadi, inda iyalai biyu ke zaune a majami'a ɗaya ba mai gaida wani.

Tambayar ke nan: wanda ya riƙe kayan aro bayan an rabu, ɓarawo ne? Wannan ba ƙaramar tambaya ba ce. Idan aka ce i da garaje, za a shafa wa mutum baƙin suna wanda zai bi shi har tsufa. Idan kuwa aka ce a'a da garaje, za a koya wa matasa cewa ɓacin rai yana halatta musu abin da ba nasu ba.

Abu huɗu da ake cuɗawa

Yawancin rigimar tana tasowa ne domin ana tara kaya iri huɗu a kira su da suna ɗaya. Kafin a yanke hukunci sai a rarrabe su.

Na fari shi ne aro. A aro, abin yana nan na mai shi, amfaninsa kaɗai aka bayar na ɗan lokaci, kuma shi wannan abin ne za a mayar. Nan aro ya bambanta da rance. Wanda ya ranci mudu biyar na masara zai ci su ya biya da wata masara, amma wanda ya ari turmi, turmin nan zai komo da shi.

Na biyu kyauta ce. Turare, zane, takalmi, kuɗin toshi, duk abin da aka miƙa da nufin ya zama na mai karɓa. Kyauta ta fita daga hannun mai bayarwa tun ranar da ya bayar.

Na uku su ne kayan neman aure, kamar kayan sa rana da lefe da sadaki. Waɗannan suna tsakanin aro da kyauta, gama an ba da su ne bisa sa zuciya cewa za a yi aure. Al'ummai sun bambanta a kansu. Dokar Faransa ta ce kyautar da aka yi saboda aure takan faɗi idan auren bai yiwu ba, kotunanta kuma sukan umarta a mayar da zoben gado ga dangin da ya fito. A Amurka, a shekara ta 2024, babbar kotun jihar Masacusets ta yanke cewa zoben alkawarin aure ya koma ga wanda ya saya, ba tare da duban wanda ya jawo rabuwar ba. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda Musulmin Jugu da Paraku ke bi, sukan duba wanda ya janye: idan namiji ne ya fasa, ba ya karɓar abin da ya kai, idan kuwa daga wajen mace ne, sai a mayar masa, sai dai in akwai sharaɗi ko al'adar gari da ta nuna wani abu dabam. A Benin kuma, dokar iyali ta 24 ga Agusta 2004 ta ce sadaki alama ce kawai.

Na huɗu su ne kayan haɗin gwiwa, watau abin da su biyu suka zuba kuɗi suka saya, kamar firji ko buhunan waken soya da aka ajiye domin a sayar. Wannan sai lissafi da rabo.

Maganar da ke gabanmu a kan na fari ce, watau abin da kowa a cikin zuciyarsa ya san aro ne.

Abin da ya raba mai aro da ɓarawo

Gaskiya ce mai aro bai fara kamar ɓarawo ba. Ɓarawo yakan zo a ɓoye, ya ɗauki abin da ba a ba shi ba. Mai aro kuwa da rana tsaka aka miƙa masa, da yardar mai abu, wani lokaci ma har da addu'a. Shari'ar Musa ta san wannan bambanci. A Fitowa sura 22, wanda ya saci sa ya yanka ko ya sayar zai biya shanu biyar, wanda ya saci tunkiya zai biya huɗu. Amma wanda ya ari dabba ta ji ciwo ko ta mutu a hannunsa, mai ita ba ya nan, abin da aka ɗora masa shi ne ya biya madadinta. Ba a sa shi a layin ɓarayi ba.

Dokar ƙasa ma haka take. Dokar hukunta laifuffuka ta Benin ta shekara ta 2018, kamar ta Faransa, ta ba laifin sata suna dabam, ta ba laifin cin amana suna dabam. Na farko shi ne ɗauke abin wani da zamba, ana ce masa vol. Na biyu shi ne karkatar da abin da aka danƙa wa mutum bisa sharaɗin zai mayar, ana ce masa abus de confiance. Dukansu laifi ne mai hukunci, amma ba ɗaya ba ne.

Malaman Musulunci su ma sun yi muhawara a kan mutumin da ya ari abu sa'an nan ya musa. An ruwaito daga Imam Ahmad ɗan Hambali cewa hukuncin ɓarawo ya hau kansa. Yawancin malamai kuwa, har da na Malikiyya, sun ce ha'inci ne da cin amana, zunubi ne babba, amma bai cika sharuɗɗan sata ba.

Saboda haka wanda ya ce riƙe kayan aro ba daidai yake da fasa ɗaki da dare ba, yana da gaskiya. Sai dai wannan gaskiyar rabin magana ce.

Ranar da aro ke juyewa

Izinin da ya sa abu ya shiga hannun mutum yana da iyaka. An ba yarinya keke domin za ta zama surukar gida. An ba saurayi babur domin zai zama miji ga ƙanwar mai babur. Ranar da wannan dalili ya ƙare, mai abu kuma ya nemi abinsa, izini ya ƙare. Daga wannan rana duk kwanan da abin ya ƙara a hannun mai aro ba da yardar mai shi ba ne. Ƙofar da abin ya shigo ta halal ce, amma zamansa yanzu ya zama na ƙwace.

Littafin Firistoci, a farkon sura 6, ya jera mutane a wuri guda: wanda ya ci amanar ajiya, da wanda ya yi ƙarya a kan jingina, da wanda ya yi ƙwace, da wanda ya tsinci abu ya yi rantsuwa bai gani ba. Abin lura shi ne an kira laifinsu rashin aminci ga Ubangiji kansa, ko da yake maƙwabci aka cuta. Maganinsu kuma ɗaya ne. Su mayar da abin cikakke, su ƙara kashi ɗaya cikin biyar na tamaninsa, su kuma kawo hadaya. Hadaya ba ta tsaya a madadin mayarwa ba. Zabura 37 ita ma ta sa aro ba biya cikin alamun mugu.

Dokar da ta hana sata, wadda Katolika ke ƙirgawa ta bakwai, ikkilisiyoyin bishara kuma ta takwas, ba ta tsaya ga hannun da ke ɗauka kaɗai ba. Ta kai har ga hannun da ke riƙewa. Katekisim na Ikkilisiyar Katolika na shekara ta 1992, a sakin layi na 2409, ya ambaci riƙe kayan aro da gangan cikin abubuwan da suka saɓa wa wannan doka, ya kuma bayyana cewa haka yake ko da dokar ƙasa ba ta kama mutum ba. Tun da daɗewa, wajen shekara ta 414, Agustin bishop na Hippo a Afirka ta Arewa ya rubuta wa wani babban ma'aikacin gwamnati mai suna Makidoniyus cewa tuban wanda yake da halin mayar da abin mutane amma ya ƙi, tuban baki ne kawai.

Amsar tambayar ke nan. Riƙe kayan aro bai fara da sata ba, amma yakan zama ɗan'uwan sata, a ƙarƙashin doka ɗaya, sa'ad da abu uku suka haɗu: mutum ya san abin aro ne, ya san mai shi yana so, ya kuma ƙudura ba zai mayar ba alhali yana da hali. Wanda ya manta bai shiga ciki ba. Wanda ke neman hanyar aikawa bai shiga ciki ba. Amma wanda ya ɓoye abin a gidan ƙawarsa, ko ya sayar a kasuwar Arzeke, ko ya ce ai kyauta ce alhali ya san ba haka aka yi ba, wannan ya shiga.

Hujjojin mai riƙewa

Ba a rasa hujja a bakin mai riƙewa, waɗansu kuma suna da nauyi. Ya kamata a saurare su ɗaya ɗaya.

Hujja ta fari ita ce, shi ya cuce ni. Sau da yawa wannan gaskiya ce. Akwai yarinyar da aka sa ta jira shekaru, ta kori masu nema, sa'an nan aka bar ta. Akwai saurayin da ya yi noma a gonar surukai damina uku, aka ba wani mai kuɗi. Zafin nan na gaske ne, ikkilisiya kuma ba ta da ikon yi masa dariya. Amma cuta ba ta sauya mai abu. Keken ɗinki bai san abin da ya faru tsakanin su biyu ba, na uwar saurayi ne jiya, nata ne yau. Sau da yawa ma mai kayan ba shi ne ya yi laifin ba. Tsohuwar da ta ba da kekenta da kyakkyawar zuciya ita ake hukuntawa saboda halin ɗanta. Wanda aka cuta yana da haƙƙin ya kai kuka gaban dattawa, ya nemi a ba shi haƙuri, har ya nemi diyya idan akwai asara. Abin da ba shi da shi shi ne ya zama mai ƙara, ya zama alƙali, ya kuma zama mai karɓar tara, duka shi kaɗai.

Hujja ta biyu ita ce, ina bin sa bashi, na riƙe ne jingina. Mai yiwuwa ne bashin gaskiya ne, misali ta ranta masa sefa dubu hamsin ya gyara babur. Amma jingina abu ne da mai bashi ke bayarwa da yardarsa. Maimaitawar Shari'a sura 24 ta hana mai bin bashi shiga gidan wanda yake bi domin ya ɗauko jingina da kansa. Sai ya tsaya a waje a kawo masa. Idan Allah bai yarda mutum ya zaɓi jingina da hannunsa ba, yaya zai yarda a mai da aro jingina ba da sanin mai shi ba? Idan akwai bashi a ɓangarorin biyu, hanya ita ce a zauna gaban shaidu a yi lissafi. In mai abu ya yarda a riƙe har ya biya, to, ya zama jingina ta gaskiya.

Hujja ta uku ita ce, ai bai tambaya ba. A ƙasar Hausa da ta Dandi da ta Bargu kunya takan hana mutum tambayar abinsa, balle a gidan da ya taɓa neman aure. Shirun mai kunya ba kyauta ba ne. Nauyin mayarwa yana kan mai aro, ba a kan mai abu ba. A 2 Sarakuna sura 6, ɗaya daga cikin almajiran annabawa yana saran itace a bakin Urdun sai ƙarfen gatari ya faɗa ruwa. Kukan da ya yi wa Elisha shi ne gatarin na aro ne. Mai gatari bai ma ji labari ba tukuna, amma hankalin mai aro ya riga ya tashi. Irin wannan zuciya ake nema.

Hujja ta huɗu ita ce, ba shi da shaida. Nan ne gwaji ya fi tsanani. Masu ƙauna ba sa rubuta takarda. A ƙa'idar shari'ar Faransa, wadda Benin ta gaji da yawa daga cikinta, wanda abu mai ɗaukuwa ke hannunsa shi ake ɗauka mai shi, sai wanda ke da'awa ya kawo hujja. Har wa yau dokar iyali ta 2004 auren da aka ɗaura gaban hukuma kaɗai ta sani, saboda haka waɗanda suka zauna tare ba tare da wannan ba, ba su da kariyar da ma'aurata ke da ita wajen rabon kaya. Ma'anar wannan ita ce mutum yana iya cin nasara a kotu da abin da ya san ba nasa ba ne. Amma kotu tana hukunci da abin da aka nuna mata, lamiri kuwa yana nan ranar da aka miƙa abin, ya ji kalmar da aka faɗa. Mai bi ba ya auna kansa da abin da za a iya tabbatarwa a kansa.

Nauyin da ke kan mai kaya

Laifi tudu ne, in ji Hausawa, mutum yakan taka nasa ya hango na wani. Mai neman kayansa shi ma yana da tambayoyin da zai amsa.

Da fari, kada ya mai da kyauta aro bayan an ɓata. Wannan zamba ta yawaita. Saurayi ya saya wa budurwa waya, ya ba ta gaban ƙawayenta yana fahariya, amma ranar rabuwa sai ya ce aro ya ba ta. Wanda ya yi haka ya haɗa ƙarya da ƙwace, laifinsa kuma bai gaza na mai riƙe aro ba. Abin da aka bayar kyauta ya tafi. Mutumin kirki ba ya zuwa da jerin turare da sabulu yana neman a biya shi.

Na biyu, kada ya yi saurin kiran sunan sata. Matiyu sura 1 ta ba da labarin Yusufu sa'ad da ya yi tsammani tashinsa Maryamu ta ci amanarsa. Yana da hanyar tona mata asiri, amma ya yi niyyar rabuwa da ita a ɓoye domin kada ya kunyata ta, aka kuma kira shi adali. Mai neman kekensa ya tuna keke yana da tamani a kasuwa, sunan 'yar mutane kuwa ba a sayensa. Wanda ya tsaya a bakin famfo yana kiran wata ɓarauniya kafin a zauna a bincika, ya ɗauke mata abin da ya fi keke tsada.

Na uku, ya dubi halin wanda ke riƙe da abin. Sura 24 ɗin nan ta Maimaitawar Shari'a ta hana karɓar dutsen niƙa jingina, gama da shi mutum ke cin abinci. Idan keken nan shi ne abincin yarinya da ƙannenta, mai shi yana da iko ya karɓa, amma ƙauna tana roƙonsa ya ba da lokaci, wata uku ko shida, ko ya sayar mata da sauƙi ta biya kaɗan kaɗan, ko ma ya bar mata. Sai dai a lura, wannan jinƙai daga hannun mai abu yake fitowa. Ana roƙonsa ne. Mai aro ba ya yanka wa kansa jinƙai daga dukiyar wani.

Inda jinkiri ya halatta

Akwai lokacin da mayarwa nan take ba ita ce daidai ba. Masanin Girka Aflatun, a farkon littafinsa a kan mulkin adalci, ya kawo misalin mutumin da abokinsa ya ba shi ajiyar makami, sa'an nan abokin ya haukace ya zo yana nema. Ba mai hankalin da zai miƙa masa. Toma Akwinas, malamin ikkilisiya na ƙarni na 13, ya yarda da wannan, amma ya nuna cewa abin bai zama na mai ajiya ba. Sai a ba wani amintacce ya adana, ko a jira hankali ya komo.

Wannan yana da amfani a yau. Idan rabuwar ta zo da duka ko barazana, ba a tilasta wa mace ta ɗauki kaya ta kai ɗakin wanda take tsoro. Ta kai wa dattijo ko shugabar zumuntar mata, su isar. Idan waya ce, tana da iko ta share hotunanta da saƙonninta kafin ta mayar, gama wayar tasa ce amma asirin nata ne. Jinkiri irin wannan yana da alama guda: mai yinsa yana neman hanyar da abin zai fita daga hannunsa.

Akwai kuma abin da ba shi da uzurin jinkiri ko kaɗan, watau takardun mutum: katin shaida, takardar haihuwa, takardar shaidar gama makaranta ko koyon sana'a, takardun babur. Waɗannan ba su da amfani ga mai riƙewa. Dalili ɗaya ne ke sa a riƙe su, shi ne a ɗaure mai su, a hana shi aiki ko tafiya. Wannan ramuwa ce tsantsa.

Gadon amana a garuruwan fatake

Mutanen Jugu da Paraku ba baƙi ba ne ga wannan magana. A ƙarni na 19 ayarin fatake daga Kano da Sakkwato sukan bi ta ƙasar Bargu su sauka a waɗannan garuruwa a kan hanyarsu ta zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, suna kai kanwa da tufafi da fatu, suna komowa da goro. Tafiyar takan ci watanni. Baƙo yakan sauka wurin mai masauki a zango, ya bar kayansa a hannunsa, ya karɓi bashi ko ya bayar, yawanci ba takarda. Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne amana. Mai masaukin da ya ci kayan baƙo sau ɗaya, labarinsa zai riga shi isa kasuwa ta gaba, madugu kuma ba zai sake sauke ayari a ƙofarsa ba. Ba sai baƙo da mai masauki suna shiri ba kafin a mayar da ajiya. Ko sun yi faɗa, kaya na mai kaya ne.

Masu bi a waɗannan garuruwa suna zaune tsakanin jikokin waɗannan mutane. A Jugu, inda aka kafa dayosis na Katolika a shekara ta 1995, Musulmi ne mafi yawa, Kirista kaɗan ne. Ƙaramar jama'a a fili take, kowa yana ganinta. Maƙwabcin da bai taɓa shiga majami'a ba ya san ko ɗan ikkilisiya ya mayar da baburin da ya ara. Abin da ya gani nan shi zai fara tunawa ranar da aka yi masa maganar bishara.

Yadda za a yi

Rigakafi ya fi magani. Iyaye da masu koyarwa su gaya wa matasa tun ana shiri cewa abu mai tsada, kamar keke ko babur ko firji, a faɗi sunansa a fili ranar da aka bayar, aro ne ko kyauta, gaban mutum ɗaya daga kowane gida. Wannan ba rashin yarda ba ne. Yana kare ƙauna daga zato, yana kuma kare mutunci idan abin bai yiwu ba.

Idan an riga an rabu, mai aro kada ya jira aike. Ya tattara abin da ya san ba nasa ba ne, ya gyara abin da ya lalace a hannunsa, ya nemi dattijo ya ce, “Baba, ga keken Inna, a taimaka a mayar mata, a kuma yi mata godiya. Maganar da ke tsakanina da ɗanta kuwa, ina roƙo a sa mana rana.” Da haka an raba magana biyu da bai kamata a haɗa su ba. Kukansa ma zai fi samun masu saurare, gama ya zo da hannu wofi.

Idan an yi gardama a kan ko aro ne ko kyauta, sai a bi matakan da Ubangiji Yesu ya nuna a Matiyu sura 18: magana tsakanin su biyu ko wakilansu, sa'an nan shaida ɗaya ko biyu, sa'an nan ikkilisiya. Dattawa su tambayi wanda ya sayi abin, da abin da aka faɗa ranar bayarwa, da wanda ke biyan gyara, da yadda mutanen gida ke kiran abin. Kada su duba wanda ya fi ba da baiko. Inda gaskiya ta ƙi fitowa, sai a nemi sulhu, a kuma tuna wa kowa gargaɗin Bulus ga Korantiyawa cewa gara mai bi ya haƙura da asara da ya ja ɗan'uwansa gaban kotu.

Wanda kuma ya riga ya sayar da abin, ko shekaru sun wuce yana riƙe da shi, ƙofa ba ta rufe ba. Zakka mai karɓar haraji, a Luka sura 19, ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta, a ranar kuma Yesu ya yi shelar ceto a gidansa. Ba a ce kowa sai ya biya ninki huɗu ba. Abin da ake bukata shi ne mutum ya kimanta tamanin abin, ya fara biya gwargwadon ƙarfinsa, ko ya je ya roƙi mai shi ya yafe. Idan an yafe masa da yardar rai, ya kuɓuta.

Zanen aro ba ya rufe katara. Wanda ya riƙe abin tsohon masoyinsa yana tsammani ya rama, amma kowace safiya idonsa zai faɗa kan abin ya tuna masa da ciwon, ba kuwa zai iya zuwa teburin Ubangiji da sakakkiyar zuciya ba. Duk wanda ke da irin wannan kaya a ɗakinsa, ya nemi dattijo a cikin makon nan ya mayar. Allah ya ba jama'arsa ikon riƙon amana, a lokacin shiri da lokacin rabuwa. Amin.